Ranar da Kyaftin Ya Lallaɓa Jirgi

Kyaftin ake ce masa, kuma bai taɓa hana kowa ba. Jirgin da yake tuƙawa kujera huɗu gare shi da farfela ɗaya a hanci, in ka tsaya kusa da shi kana iya dafa fiffikensa kamar yadda ake dafa tebur. Amma farar rigar da yake sawa, mai zane ruwan zinariya a kafaɗa, irin ta masu jan manyan jirage ce sak. Shi yake wanke ta, shi yake goge ta, don a cewarsa duk gidan ba wanda ya san inda kari yake bi. Aikinsa koyar da tuƙi ne a wata 'yar makaranta da ke gefen filin jirgin garinsu: ofis ɗaki biyu, rumfar kwano da ake ajiye jirage, sai wata tsohuwar fanka da ta fi injin jirgin surutu.

Ya iya aikinsa, wannan kam ba mai ƙwace masa. Damuwar ita ce shi ma ya san ya iya, kuma yana tsoron kada wani ya bar duniya bai ji labari ba. A teburin cin abinci cokali jirgi ne, gefen faranti titin sauka, kwalbar ruwa kuwa hasumiya. 'Ya'yansa maza biyu sun sha wannan karatu har ya ishe su. Babban ya gudu ya zama likitan haƙori, mai bi masa ya ce shi ko tsani ya hau jiri yake gani. Auta ce kaɗai take ajiye nata cokalin ta zuba masa ido.

"Fasinja da kujerarsa yake auna matuƙi," haka yake ce mata. "In bai ji komai ba ya ce gwani ne, in ya ji dum ya ce ɗan koyo. To ki buɗe kunnenki. Ranar da titi ya jiƙe, ba a lallaɓa jirgi. Dire shi ake yi, dum, tun daga farkon titi, taya ta fasa ruwan ta kama kwalta. In kika lallaɓa shi, a kan ruwa tayar za ta hau, ki yi ta taka birki kamar kin taka sabulu. In kuma kin ga saukar ba ta yi miki ba, ki ba shi wuta ki tashi, ki sake zagayowa. Ba kunya a ciki. Masu jin kunyar nan duk mun je jana'izarsu."

Duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa ya haddace wannan huɗuba. Wasu ma in ya juya baya sai su riƙa kwaikwayonsa, har da yadda yake buga tafin hannu a tebur in ya zo kan dum.

Da Auta ta gama sakandare ta ce tuƙin jirgi za ta koya, Kyaftin ya gyaɗa kai kawai kamar an gaya masa farashin gishiri, sannan ya tashi ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, don kada a ga abin da fuskarsa take yi. Tun tana ƙarama yake hango abin. Ita a kujerar hagu, inda matuƙi ke zama, shi a ta dama, inda malami ke zama, ya naɗe hannu yana leƙen taga kamar ba ruwansa, alhali ta wutsiyar ido yana kallon hannunta. Ya koya wa 'ya'yan mutane da yawa. Wannan ce kaɗai yake so da dukkan ransa.

Sai dai gidan da mai shi. Matarsa malamar lissafi ce, Malama kowa yake ce mata har shi, kuma tun da aka yi aurensu ba ta taɓa sa ƙafa a jirginsa ba. Ta ce ita ba ta shiga abin da iska ke iya ɗauka kamar leda. Ta jure masa shi don ta same shi a haka, amma 'yarta kam a'a. Kyaftin ya kawo hujja, ya kawo misali, ya ɗauki cokali, ta karɓe cokalin ta sa a kwanon wanke-wanke. Auta ba ta yi gardama ba, cin abinci kawai ta rage, ta rage magana. Gidan ya yi tsit na tsawon makonni, ba a jin komai sai ƙarar jan biron Malama a kan takardun ɗalibai.

Wata rana da safe, tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Baban Auta, zan shiga."

"Ina?"

"Abin naka. Sau ɗaya. Ka kai ni wurin Yaya ka dawo da ni. Abin da idona ya gani, da shi zan yanke hukunci. In na ce ta je, ta je. In na ce a'a, kada wanda ya sake tayar mini da maganar nan har in mutu. Ka yarda?"

Ya yarda kafin ta rufe baki. A ganinsa an ba shi jarrabawa ne a darasin da shi ya rubuta littafinsa.

Ranar tafiya gari ya waye tas. Kyaftin ya zagaya jirgin yana dubawa da wani irin tsanaki da bai taɓa yi wa ɗalibi ba, ya taɓa nan ya ƙwanƙwasa can, ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya ɗaga shi sama yana ƙare masa kallo kamar mai sayen turare. Malama tana tsaye da jakarta a hammata tana jiran ya gama. Ya taimaka mata ta hau, ya ɗaure mata bel, ya sa mata abin ji a kunne. Sannan ya danna rediyo ya kira hasumiya da muryar nan tasa ta aiki, mai kauri, mai jan rai, kamar wanda aka tasa daga barci bai ji haushi ba.

"Mura kake yi?" Malama ta tambaya.

"Haka ake magana a sama," ya ce.

Tafiyar ta yi kyau, har ta wuce yadda ya roƙa. Da farko ta runtse ido ta rungume jaka. Can ya ga ta buɗe ido ɗaya, sannan ta fara leƙen gonaki da rafi da motocin da ke bin hanya a ƙasa. Har ta tambaye shi me wannan allurar take nunawa, ya ba ta amsar da ta kai su rabin hanya. Da suka iso garin yayarta, iska a kwance, titi a bushe, ya sauko da jirgin sannu sannu, ya riƙe shi, ya ƙara riƙe shi, har tayoyin suka shafi kwalta ba tare da ko jakar da ke cinyarta ta motsa ba. Suna cikin gangarawa ta dube shi.

"Har mun sauka?"

Duk yabon da aka taɓa yi masa a duniya bai kai wannan ba. Matar da ta shekara da shekaru tana jin labarin gwanintarsa tana ci gaba da jan biro, yau ita ce da bakinta. Ya ce, "E, ai ba wani abu ba ne," amma kansa ya kumbura har abin jin ya fara matse shi.

A gidan Yaya aka yi abin da ake yi in 'yan'uwa mata sun daɗe ba su haɗu ba. Aka ci, aka sha, aka jero 'ya'ya da jikoki, aka shiga ɗaki aka rufe ƙofa ana dariya. Kyaftin ya san tun safe cewa masu hasashen yanayi sun ce da yamma hadari zai taso ta wajen garinsu. Ya fita tsakar gida ya dubi sama, ya dubi agogo, ya koma ya zauna, ya sake fita. A fita ta uku ko ta huɗu Malama ta leƙo.

"Lafiya? Akwai matsala ne?"

Abin da ya kamata ya ce gajere ne: ki ɗauko jakarki mu riga hadari. Amma in ya faɗi haka, ya yarda ke nan cewa sama ma tana da ta cewa a aikin nan, kuma ba wannan ya kawo ta ta gani ba.

"Matsala? Ina! Ku yi hirarku."

Ya koma ya karɓi wani kofin shayin, ya kama mijin Yaya, mutumin kirki mai sayar da kayan gini, ya bayyana masa yadda fiffike ke ɗaga jirgi har bawan Allah ya fara gyangyaɗi.

Sai da rana ta karkata suka tashi. Rabin farko na hanyar lafiya lau. Daga nan ya hango shi a gabansu, baƙi ƙirin, ya tokare daga ƙasa har sama, walƙiya tana wasa a cikinsa. Jirgin ya fara 'yar rawa. Malama ta mayar da jakarta ƙirji.

Ya kira hasumiya. Mai hasumiyar tsohon abokin aikinsa ne, sun san muryar juna kamar maƙwabta.

"Kyaftin, ruwa ya sauko mana nan kamar da bakin ƙwarya. Bakin hadarin ya ɗan gota, amma titi ya cika da ruwa, iska kuma ta gefe take bugowa, tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ka gani? Za ka koma ne, ko za ka ɗan jira a waje?"

Yana da isasshen mai a tanki. Komawa garin Yaya ba komai ba ce, su kwana, gobe su dawo da sanyin safiya. Da ɗalibi ne a gefensa, da tuni ya juya, har ya samu abin yin huɗuba a hanya.

"Af, na manta," mai hasumiya ya ƙara. "'Yarka tana nan bakin shinge tun ɗazu da lema. Na ce ta shigo ofis ta ƙi."

"Ina shigowa," in ji Kyaftin, da muryar mura.

Gaskiya dai, a ba shi abinsa, gangarowar ta yi kyau. Ƙaramin jirgi irin wannan ba shi da abin share gilashi, iskar farfela ce kawai take kore ruwan, don haka titin yana fitowa yana ɓacewa. Iska ta ɗaga su ta yar, ta tura su gefe, shi kuwa ya karkata hancin jirgin cikinta, hannu da ƙafa suna aiki tare, ya riƙe layinsa bai kauce ba. Malama ta kama madaurin da ke saman ƙofa, leɓɓanta suna motsi. Bai ji tsoro ba. Daɗi ma yake ji, don ga shi a cikin abin da ya fi iyawa, kuma ga wadda yake so ta gani a zaune kusa da shi.

Farkon titin ya shigo ƙarƙashinsu yana ƙyalli kamar an zuba masa mai. Nan ne wurin. Ya san nan ne wurin, hannunsa ma ya sani. Abin da ya rage ya sake shi ya dira, dum, jaka ta yi tsalle, haƙora su haɗu, Malama ta yi salati, a wuce wurin.

Sai ya dube ta. Kallo ɗaya, na ƙiftawar ido. Fuskarta ta yi fari fat, jijiyoyin hannunta sun fito. Ya ji a ransa cewa in ya buga ta da ƙasa yanzu, wannan bugun kaɗai za ta tuna. Kuma can ƙasan wannan tausayi, inda ba ya son leƙawa, akwai wani abu da ya fi shi ƙarfi: yana son ya sake jin ta ce har mun sauka, a cikin hadari, a gaban 'yarsa.

Ya ja sitiyarin baya kaɗan. Ya riƙe shi.

Jirgin ya ƙi sauka. Ya yi ta shawagi dab da kwalta, fararen zanen titin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Iska ta ƙara tallafe shi. Rumfar makarantarsu ta wuce ta dama, wadda kullum kafin ya kai ta ya riga ya rage gudu. Hannunsa yana kan totur, tura shi kawai zai yi su tashi su sake zagayowa, abin da ya gaya wa mutum ɗari ba kunya a cikinsa. Ya ce wa kansa saura kaɗan, yanzu zai taɓa.

Ya taɓa kuwa. Kuma abin haushin shi ne, a duk rayuwarsa bai taɓa yin sauka mai laushin wannan ba. Shi kansa bai ji ta ba.

Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi a banza. Ya saki ya sake takawa. Jirgin yana tafiya abinsa a kan ruwa, ba ruwansa da wanda ke ciki. Iska ta bugi wutsiya, hancin ya juya gefe, suka ci gaba da sulɓewa a karkace. Ya ga ƙarshen kwalta yana tahowa, ya ga ciyawa, ya ji bakinsa yana cewa, "Riƙe! Malama, riƙe!" da wata siririyar murya da ba a taɓa ji a rediyo ba.

Suka bar kwalta. Ciyawa ta yi ta dukan cikin jirgin, taɓo ya rufe gilashi. Tayar gaba ta faɗa wata kwata da ruwa ya cika, ta karye, hancin ya nutse, farfela ta sari ƙasa ta tsaya cak. Wutsiya ta tashi sama kamar za ta kifar da su, ta yi jim, sannan ta tsaya a haka. Goshinsa ya haɗu da wani abu mai tauri.

Hannunsa ne ya kashe mai da wuta, shi bai san lokacin da aka yi ba. Sai ƙarar ruwa a kan rufin. Suna rataye a jikin bel, fuskokinsu suna kallon ƙasa. Wani abu mai ɗumi yana gangaro masa ta gira.

Ya juya. Kanta ya sunkuya, ɗankwalin ya zame ya rufe mata fuska, hannunta yana lilo.

"Malama."

Shiru.

"Malama! Maman Auta!"

A wannan ɗan lokacin babu Kyaftin, babu riga, babu makaranta. Wani tsoho ne kawai a cikin gwangwani a tsakiyar taɓo, wanda ya tabbata ya kashe matarsa don yana son a yabe shi. Tsoron da ya kama shi bai taɓa sanin akwai irinsa ba. Ya miƙa hannu ya janye ɗankwalin.

Idonta a rufe gam. Leɓɓanta suna motsi.

"Ka bari in ƙarasa," ta ce. Ta ƙarasa addu'arta, ta buɗe ido, ta dube shi. "Jini kake yi."

Motar kwana-kwana ta iso da jiniya, ta kafe a taɓo kafin ta kai gare su, ma'aikatan suka ƙaraso da ƙafa. Aka ciro Malama, takalminta ɗaya ya tafi, wuyan hannunta ya fara kumbura, amma jakar tana nan a hammata. Aka ciro Kyaftin. Farar rigar ta zama kala uku. Ya tsaya cikin ruwa tsamo-tsamo yana kallon jirgin da ya kafa kai a ƙasa ya ɗaga wutsiya, kamar kaza tana kiwo.

Tun a nan aka fara yi masa sadaka da uzuri. Shugaban 'yan kwana-kwana ya dafa shi ya ce, "Wannan iska, Kyaftin, ai ko waye sai haka." Mai hasumiya ya sauko da kansa, ya ce shi daga sama ruwa ya hana shi ganin komai, amma ya san hadari ne, don wa zai gaya wa Kyaftin sauka? Mai makarantar ya bugo waya ya ce jirgi ƙarfe ne, tunda an tsira da rai a gode wa Allah, yanayi ba a yi masa dabara. Kowa ya miƙo masa hadarin, shi kuwa ya karɓa yana gyaɗa kai. Kafin a kai su ɗakin shan magani na filin jirgin, har ya fara tsara yadda zai ba da labarin: wata muguwar iska, daga gefe, a daidai lokacin da ba a zata ba.

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kujera biyu, da kabad mai ƙamshin maganin ciwo. Ma'aikaciyar jinya ta naɗe wa Malama hannu, sannan ta zaunar da Kyaftin a bakin gado ta fara wanke masa goshi, ta ce sai an yi ɗinki. Auta tana tsaye a jikin ƙofa. Ta yar da lemar tun a fili, ta yi gudu cikin taɓo har gwiwa, ta rungume uwarta ta rungume shi, ta yi kukanta ta gama. Ruwa yana ɗiga daga gefen mayafinta.

"To," in ji Malama. Muryar aji ce, wadda take amfani da ita in za ta raba sakamako. "Na ce abin da na gani da shi zan yanke. Amma ni ban san me na gani ba. Na ga ruwa, na ga ciyawa, na ga taɓo. Baban Auta, kai ka san aikin. Mene ne ya faru?"

"Ai kin ji abin da suka ce. Iska ce ta..."

"Na ji su. Kai nake tambaya." Ta gyara hannun a cinyarta. "Don in iska ce, magana ta ƙare. Tun da na aure ka nake ji a bakinka cewa babu wanda ya fi ka iya saukar da jirgi, kuma na yarda, yau da safe na gani. To in kai da kanka, da furfurarka, ka yi komai daidai, iska ta ɗauke ka ta jefa a kwata, me zan aika yarinya ta je ta yi? Ta fi ka ne?"

Shekara da shekaru Kyaftin yana gina wannan suna a teburin cin abinci, bulo bisa bulo, ashe ɗakin da za a kulle shi a ciki yake ginawa.

Ya dubi Auta don ta taimake shi, sai ya ga ba shi take kallo ba. Ƙasa take kallo. A nan ya gane. Tana bakin shinge, daidai tsakiyar titin, a wurin da ya fi ko'ina kyawun gani. Ta ga jirgin ya wuce farkon titi bai dira ba. Ta ga ya wuce rumfa yana shawagi. Yarinyar da ta haddace huɗubar nan tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali ta san abin da ta gani sarai.

"Mama," ta ce, a hankali, "iskar ta yi ƙarfi sosai. Ni ma na gani. Ki bar shi kawai. Na haƙura."

Ta faɗe shi tana kallon ƙasa. Za ta ajiye abin da take so tun tana yarinya, ta tafi ta karanta wani abin da ba ta so, don kada a ce babanta ya yi kuskure a gaban uwarta da wata baƙuwar ma'aikaciyar jinya. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba a taɓa jin ta a gaban manya, sai a gaban 'ya'ya.

"Ba iska ba ce," ya ce.

Ma'aikaciyar ta ce ya daina motsi.

"Iskar tana nan, amma ba ita ba ce. Tun a gidan Yaya ya kamata mu taso da wuri, na ƙi faɗa. A hanya ya kamata in juya, na ƙi. Duk da haka da na dire shi a farkon titi, da yanzu muna gida kina yi mini faɗan na buga ki da ƙasa. Na lallaɓa shi. A kan ruwa. Abin da nake hana yara tun kafin a haifi wannan." Ya nuna Auta. "Da na ga ya ƙi sauka, da na tashi na sake zagayowa. Shi ma na ƙi."

"Don me?"

"Don kada ki ji bugu." Sai ya ga tunda an fara gara a ƙarasa. "Kuma don ki ce na iya."

Ruwan ya fara tsagaitawa a kan kwano. Malama ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya san amsa sarai ya rubuta wata don ya burge.

"Auta, haka ne?"

Auta ta gyaɗa kai, hawaye suna zuba.

"Da ke ce, me za ki yi?"

"Da na juya tun a hanya, Mama."

"In kin riga kin iso fa?"

"Dire shi zan yi." Ta ja hanci. "Dum."

Malama ta sauke numfashi. "To. In abu yana da ƙa'ida, kuma wanda ya bi ta yana komawa gida, wannan na san irinsa, shi nake koyarwa. Za ta je."

Auta ta toshe baki da hannu biyu. Murna ta kama Kyaftin, har ya manta da allurar da ke goshinsa. Ya fara cewa ai tun gobe ma, in an gama da masu bincike, akwai ɗaya jirgin, zai fara mata da...

"Ba kai ba," in ji Malama.

Ya tsaya.

"Ba kai za ka koya mata ba, Baban Auta. Ka nemo mata wani. Wanda bai san ta ba, wanda ko ta yi kuka ba zai dame shi ba."

"Malama, ai duk ƙasar nan babu..."

"Na sani. Ba iyawarka nake tsoro ba." Muryarta ta sauko, ba ta aji ba ce yanzu. "Ni da muka tsufa tare, ka dubi fuskata sau ɗaya ka manta duk abin da ka sani. Ita fa? Ranar da ta tsorata a sama ta juyo ta kalle ka, me za ka yi? Lallaɓa ta za ka yi. Kuma za ka so ta ce babanta ya iya. Ni 'yata nake so ta dawo gida."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya san ta faɗa. Wani ne zai zauna kusa da yarinyar. Wani ne zai ga ranar da hannunta zai daina rawa. Shi iyakarsa ya kawo ta bakin ƙofa da mota, ya tsaya a waje tare da sauran iyaye.

Auta ta matso ta tsuguna a gabansa, ta riƙe hannunsa mai taɓo. "Baba, kullum in na dawo zan ba ka labari. Komai da komai."

"To," ya ce. "To, Allah ya yi miki albarka. Akwai wata malamar tuƙi a makarantar da ke can gaba, ba ta da fara'a ko kaɗan, ɗalibai tsoronta suke ji. Gobe zan kira ta."

Idonsa ya cika, ya kasa tsayar da shi. Ya ɗaga hannu ya nuna goshinsa, ya ce wa ma'aikaciyar jinya allurar nan tata akwai zafi, ta ɗan bi a hankali. Matar tana can bakin famfo tana wanke hannu, tun ɗazu ta gama ɗinkin. Ta dubi Malama, Malama ta girgiza mata kai kaɗan.

"Yi haƙuri, Kyaftin," in ji ma'aikaciyar. "Saura kaɗan."